Ku Tambayi Likita: Tashin Hankalin Yaƙi da Taɓin Hankali na Farat Ɗaya

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: mutum babba, mai cikakken hankali, wanda yaƙi ya ɗaiɗaita, a wayi gari ya birkice. Mun zaɓi wasu daga ciki, mun taƙaita su, mun cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana shekararsa 38, bai taɓa ciwon ƙwaƙwalwa ba, ba ya shaye-shaye. Yaƙi ya kore mu daga gida, an kashe ƙaninsa, dukiyarsa ta salwanta, yanzu wata biyu muna sansanin 'yan gudun hijira. A hanya shi ne ma yake ba mu baki. Amma yau kwana shida bai runtsa ba, yana cewa an biyo sawunsa, yana jin ana kiran sunansa alhali babu kowa, jiya har ya ture abincin da na ba shi wai na sa masa guba. Shin ya haukace ke nan har abada?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya jiƙan ƙaninsa. Abin da kika bayyana ya fi kama da taɓin hankali na farat ɗaya, wanda yake zuwa bayan babban tashin hankali, kuma yawancin masu irinsa sukan warke sarai su koma yadda suke.

Alamominsa huɗu ne, ba lallai su haɗu duka ba: ƙudurta abin da babu shi har a kasa raba mutum da shi, ji ko ganin abin da sauran mutane ba sa ji ba sa gani, magana marar kan gado, da birkicewar hali, ko dai fizge-fizge ko kuma sandarewa wuri ɗaya babu motsi babu magana. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, wanda ya fito a 2013, ya ce ciwon yakan ɗauki aƙalla kwana ɗaya, ya ƙare kafin wata guda. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, ya fi sassauci: alamomi su kai ƙarshen ƙarfinsu cikin mako biyu, su gushe kafin wata uku. Wannan na nufin babu likitan da zai iya rantse miki yau cewa shi ne. Lokaci ne ke tabbatar da sunan ciwon. Idan ya zarce waɗannan wa'adodi, sai a sake lale, a duba ko wani ciwo ne mai dogon zango.

Ba sabon abu ba ne. Tun 1913 likitan nan Bajamushe, Karl Jaspers, ya kafa sharuɗɗan gane irin wannan ciwo: a samu abin da ya faru mai girman da zai iya girgiza mutum, sambatun majinyacin su yi daidai da abin da ya same shi, kuma ciwon ya lafa idan musabbabin ya kau. Dubi maigidanki: wanda aka kora da bindiga, me zai ƙudurta in ba cewa ana bin sa ba?

Wataƙila abin da ya fi ɗaure miki kai shi ne, me ya sa bai birkice a hanya ba sai da kuka tsira. Haka ya saba faruwa. Lokacin gudu jiki na tura sinadaran kota-kwana, adirenalin da kotisol, su riƙe mutum a tsaye. Yana da abin yi, yana da waɗanda yake karewa. Da an zauna sai aikin ya ƙare, amma jikin bai sauka daga shirin ba. Kotisol da ya daɗe a sama yana dagula barci, yana kuma ingiza wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna dofamin. Ɗaya daga ayyukan dofamin shi ne nuna wa mutum abin da ya cancanci a lura da shi. Idan ya yi yawa, komai sai ya zama abin lura. Maƙwabci ya yi tari sau biyu, sai ya ce sigina ce ake ba wasu. Mota ta tsaya a bakin sansani, saboda shi ta tsaya. Ke kin juya baya kina zuba abinci, to ga lokacin da kika barbaɗa gubar. Ƙwaƙwalwa ba ta barin abu haka kawai, sai ta ƙulla masa labari, labarin nan shi ne abin da kike ji daga bakinsa. Rashin barci kuma shi ke ƙara wa wutar fetur. Lafiyayyen mutum ma, idan ya kwana uku ido biyu, yakan fara gane-gane da jiye-jiye.

Mu a ganinmu an fi mayar da hankali ga ƙarar bindiga, ana mantawa da abin da ke biyo bayanta. Magidanci da yake ciyar da mutane ya koma bin layi da kwano. Dangin da ake zama da su a yi shawara sun watse. Babu aiki, babu sirri, babu wanda ya san ranar komawa, ga baƙin wuri inda ake kallon mutum a wulaƙance. Waɗannan su suke cin mutum a hankali. Wani babban bincike da aka yi a Suwidin a kan mutum miliyan 1.3, aka buga a 2016, ya gano cewa haɗarin taɓin hankali ga 'yan gudun hijira ya kai kusan ninki uku na 'yan ƙasa, kuma ya ɗara na sauran baƙi da suka fito daga yanki ɗaya da su amma ba gudu ya kawo su ba da kashi 66 cikin ɗari. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 kuma ya nuna cewa a yankunan rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kodayake yawanci baƙin ciki ne mai tsanani da fargaba. Taɓin hankali kaɗan ne daga ciki.

Me ya sa shi, ba na kusa da shi ba? Kowace igiya da nauyin da take ɗauka kafin ta tsinke. Gado, wahalar ƙuruciya, ƙwaya, ciwon jiki, duk suna rage ƙarfinta. Ba ragwanta ba ce, ba kuma raunin imani ba.

Akwai abubuwan da ke ba mu kyakkyawan zato a kansa: ciwon ya zo kwatsam, musabbabinsa a fili yake, kuma kafin nan mutum ne mai tafiyar da harkokinsa. Amma kada ki zauna jiran ya wuce da kansa. Wanda ya daina ci da sha don tsoron guba, kuma yake jin muryoyi, na buƙatar ganin ma'aikacin lafiya yau ɗin nan.

Tambaya: Likita, ni ma'aikacin sa-kai ne a wani ƙaramin asibitin sansani, babu likitan ƙwaƙwalwa kusa. Idan aka kawo mana wanda ya birkice, me zan fara dubawa?

Amsa: Sannu da ƙoƙari Malam. Kuskuren da ya fi kashe mutane a irin wurinka shi ne a ji an ce "daga yaƙi ya fito" sai a ɗora komai a kan firgici. Fara da jiki.

Auna zafin jiki, bugun zuciya, hawan jini da numfashi. Soka yatsa ka auna sukari. Idan ya yi ƙasa da 3.9 a ma'aunin milimol, wato 70 a ma'aunin miligiram, ba shi sukari nan take, domin ƙarancinsa kaɗai na sa mutum faɗa da surutai. Idan akwai zazzaɓi, yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, ka kuma lanƙwasa wuyansa a hankali zuwa ƙirji. Wuya ya sandare ga zazzaɓi, ɗauke shi a matsayin sanƙarau har sai an tabbatar ba shi ba ne. Laluba fatar kai. Tambayi 'yan rakiya ko ya faɗi, ko an buge shi, ko bam ya tashi kusa da shi, ko da makonni ne da suka wuce, saboda jini na iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Duba harshe ko akwai cizo, alamar farfaɗiya.

Sai abin da ya sha da abin da ya daina sha. Tabar wiwi, tiramadol da ƙwayoyin hana barci irin na amfetamin, waɗanda suke yawo sosai a fagen daga, duk suna haukata mutum. Haka wasu magungunan asibiti, kamar firednisolon idan an sha da yawa, mefulokwin na zazzaɓi, da efabirenz na masu ƙanjamau. Mashayin giya da gudu ya raba shi da ita kwatsam yakan fara karkarwa, gumi da gane-gane bayan kwana biyu zuwa uku; wannan na iya kisa, kuma maganinsa daban ne.

Ga gwaji mai sauƙi da zai raba maka hanya. Tambaye shi ina yake, wace rana ce, sannan ka ce ya lissafo ranakun mako daga baya zuwa gaba. Mai taɓin hankali zalla yawanci ya san inda yake, yana bin maganarka, ko da amsarsa cike take da zargi. Wanda ciwon jiki ya ruɗar kuwa hankalinsa na zuwa yana tafiya, yanzu garau anjima shiru, yana gyangyaɗi, ya fi rikicewa da dare, kuma ya fi ganin abubuwa a kan jin murya, kamar ƙwari a bango ko macizai a shimfiɗa. Irin wannan babban asibiti za ka tura shi, da gaggawa. Haka duk wanda ya haura shekara 40 ko 50 kuma wannan ne karonsa na farko, sai an tsananta neman ciwon jiki. Mace mai jego da ta birkice cikin makonnin farko bayan haihuwa ita ma ta gaggawa ce, kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Hakan na samun mace ɗaya zuwa biyu cikin kowace haihuwa dubu.

Wani abu da ya kamata ka riƙe: a wurin yaƙi, wanda ya ce ana son kashe shi mai yiwuwa gaskiya yake faɗa. Kada ka rubuta "zargi marar tushe" sai ka ji daga danginsa. Abin da ke nuna ciwo shi ne zargin ya yi ta faɗaɗa har ya haɗa da matarsa, da ruwan sha, da mai karanta labarai a rediyo, kuma babu hujjar da ke girgiza shi. Idan da tafinta kuke aiki, roƙe shi ya maimaita maganar yadda ta fito, kada ya gyara ta, domin rashin kan gadon shi ne abin da kake nema.

Kuma tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ko muryoyin na umartarsa da wani abu. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin.

Tambaya: Yayana ya fara fizge-fizge yana son ficewa da dare. Wasu sun ce mu ɗaure shi. Ya za mu yi, Likita?

Amsa: Ɗan'uwa, ku tuna mutumin nan tsoro yake ji, ba mugunta ba ce. Wanda ya yi imani an zo kama shi, sai ga maza huɗu da igiya, ai kun gaskata masa abin da yake faɗa. Ɗauri na kawo rauni, toshewar jini a ƙafa, ƙishirwa mai kisa, wani lokaci shaƙewa idan aka danne mutum rub da ciki. Duka da horon yunwa ba su taɓa warkar da kowa ba.

A rage taro. 'Yan kallo su watse. Mutum ɗaya da ya fi yarda da shi ya riƙa magana, da murya ƙasa-ƙasa, gajerun jimloli, yana kiran sunansa. A tsaya nesa da shi kamar taku biyu, ta gefe, kada a tare masa ƙofa, kada a zo masa ta baya, kada a yi raɗa a gabansa. A kwashe wuƙa, makami, igiya, magunguna da fetur tun kafin dare. A kashe rediyo da bidiyon yaƙi. A bar ɗan haske, domin duhu na ƙara gane-gane.

Kada ku yi gardama da abin da yake faɗa, kada kuma ku gaskata shi. "Ƙarya ne, babu kowa" na mayar da kai abokin gaba. "E, ga su can, mun kore su" na ƙara kafa abin. Ka ce masa: "Yaya, ni ban ji muryar ba, amma na ga tana tayar maka da hankali. Ina nan tare da kai." Idan yana tsoron guba, ba shi ruwan da ba a buɗe ba ya buɗe da hannunsa, ko ku ci a kwano ɗaya ka fara kai loma. Ku yi karɓa-karɓa wajen gadinsa, don mai jinya da bai yi barci ba shi ma na kan hanya.

Idan ya ɗauki makami ko ya nufi hallaka kansa, ku ja baya ku nemi agaji. Riƙewa ta ɗan lokaci, a hannun ma'aikatan lafiya, har allura ta kama shi, daban take da barin mutum a mari kwana da kwanaki.

Tambaya: An ba ƙanwata halofaridol, maganin taɓin hankali. Kwana biyu da farawa wuyanta ya karkace, idanunta suka kafe sama, harshe ya fito. Mun tsorata mun daina ba ta. Ciwon ne ya ƙaru?

Amsa: Ba ciwon ba ne baiwar Allah, illar maganin ce, kuma sananniya. Halofaridol na toshe hanyar dofamin, shi ya sa yake kwantar da muryoyi da zargi. Sai dai dofamin ɗin nan shi ne kuma ke daidaita motsin tsoka, don haka idan an toshe shi da ƙarfi tsokar wuya, ido da harshe kan ɗaure. Yakan faru a kwanaki biyar na farko, ya fi kama matasa, ya fi zuwa idan an fara da adadi mai yawa. Abin ban tsoro ne a ido amma yana da saurin magani: allurar bayiferidin kan sake shi cikin mintuna, akwai kuma ƙwayar benzekzol. Ku mayar da ita yau a rage mata adadin ko a canza mata wani. Idan ɗaurewar ta taɓa numfashi ko haɗiya, kada a jira ko awa ɗaya.

Jagoran mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka tsara don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, ya ce a fara halofaridol da miligiram 1.5 zuwa 3 a rana, wani maganin kuma, risferidon, da miligiram 1, a ƙara shi a hankali zuwa tsakanin 2 da 6. Tsofaffi da masu wani ciwo a jiki ƙasa da haka ake ba su. Mun kawo alƙaluman ne don ku iya tambayar mai ba da magani, ba don a saya a sha ba. Magani ɗaya ake bayarwa a lokaci guda. Barci da natsuwa kan dawo cikin kwanaki, amma zargi na janyewa ne sannu a hankali, shi ya sa ba a cewa magani ya gaza sai an yi mako huɗu zuwa shida ana shan isasshen adadi.

Akwai illoli biyu da ake yawan kuskure. Ɗaya ita ce kasa zama: majinyaci ya yi ta safa da marwa, ƙafafunsa ba sa tsayawa. Sai a ɗauka ciwo ne ya tashi a ƙara magani, alhali ragewa ya kamata. Ɗayar ba ta da yawa amma tana kisa: zazzaɓi mai zafi, jiki ya sandare, gumi, ruɗewa. Wannan a tsayar da magani nan take a garzaya asibiti. Olanzafin, shi ma maganin taɓin hankali ne, ba ya yawan ɗaure tsoka, amma yana sa ƙiba da hawan sukari.

Batun tsawon lokacin sha, jagoran ya ce ga wanda karonsa na farko ne a duba yiwuwar dainawa bayan wata 12 da gushewar alamomi. Likitoci da dama kan taƙaita zuwa 'yan watanni idan ciwon ya wuce cikin kwanaki kuma musabbabinsa a fili yake. Ko wanne aka zaɓa, ragewa ake yi daki-daki cikin makonni, ba a yankewa rana ɗaya.

Tambaya: Likita, mahaifiyarmu takan ji muryar ɗanta da aka kashe, ni kuma tun da na bar aikin soja in na ji ƙara sai in ga kamar ina fagen daga. Mu ma taɓin hankalin ne?

Amsa: Da alama a'a. Jin murya ko ganin giftawar mamaci a watannin farko na rashi abu ne da ke samun mutane da yawa. Muddin Mama ta san ya rasu, tana ci tana barci tana hulɗa, ba magani take buƙata ba, 'yan zama take buƙata.

Naka kuwa ya fi kama da ciwon firgici na bayan bala'i. Abin da ya faru da gaske ne yake dawo maka, wani abu ne ke tono shi, kuma da ya wuce ka san tuna baya ne. Idan ya haura wata guda yana hana ka sukuni, nemi masanin halayyar ɗan'adam. Zaman tattaunawa na musamman a kan abin da ya faru shi ne kan gaba a magani. Ka guji maganin barci irin dayazifam da danginsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hani da ba da su don firgicin watan farko bayan bala'i tun 2013, domin ba sa warkarwa kuma jiki na sabawa da su.

Tambaya: Matata ta warke cikin mako uku, alhamdu lillahi. Zai iya dawowa? Kuma har yanzu tana kwana kallon bidiyon yaƙin ƙasarmu a waya.

Amsa: Barka da arziki Malam. Zai iya. Bin diddigin masu irin wannan ciwo na shekaru ya nuna kusan rabinsu kan sake samun wani karo, wasu kuma daga baya ciwon kan bayyana a matsayin mai dogon zango. Sauran ba sa sake gani. Shekara biyun farko su suka fi buƙatar sa ido, don haka kada ku yanke zuwa asibiti don kawai ta ji sauƙi.

Ku zauna tare, yanzu da take garau, ku rubuta abubuwan da suka fara bayyana wancan karon kafin ta birkice. Galibi barci ne ke fara lalacewa, sai janye jiki daga mutane, sai saurin fushi da yawan waige-waige. Ku yi yarjejeniya cewa dare biyu a jere babu barci, asibiti za a tafi, ba sai an jira muryoyi ba. Idan ta sami ciki a sanar da likita tun da wuri, saboda makonnin bayan haihuwa lokaci ne na haɗari gare ta.

Wayar kuwa, hana ta ƙarfi da yaji zai sa ta ji ana ɓoye mata wani abu. Ku tsayar da lokaci: sau ɗaya ko biyu a rana, da rana, minti goma sha biyar zuwa ashirin, daga kafa ɗaya da kuka amince da ita, kuma karantawa ko saurare ya fi kallon hoton gawarwaki. Awa ɗaya kafin kwanciya a ajiye waya a wajen ɗaki. Idan tsoronta kada wani labari na dangi ya wuce ta, kai ka ɗauki nauyin amsa kiran dare. Kada ku tilasta mata ba da labarin abin da ta gani, in ta so faɗa ku saurara. A mayar mata da ayyukanta kaɗan-kaɗan tun daga wannan makon, ta riƙa fita cikin mutane, a kuma riƙa shawara da ita a kan lamuran gida kamar da.